Abin da Na Faɗa a Taron Dagenham

Mubarak da Sadiya, wannan babin naku ne, don haka ku karanta shi har ƙarshe, kada ku yi masa tsallake-tsallaken da kuke yi wa saƙonnina na waya. Kun tashi da labarin cewa na tona asirin ciwon yayarku a gaban jama'a domin jami'a ta ba ni kujera. Babu wanda ya taɓa furta mini haka a cikinku, amma ni na haife ku, na san abin da shirunku yake ɗauke da shi. Kai Mubarak, ranar da iyayen matarka suka ce ba za su karɓi gaisuwa ba sai sun ga sakamakon gwajin jininka, kallon da ka yi mini a kicin ya ishe ni bayani. Ba gafara na zo nema ba, domin har yau ban ga laifin da na yi ba. Yadda abin ya faru zan faɗa muku, ku yi yadda kuka ga dama da shi.

A shekarar da nake magana muna zaune a flat ɗin council, wato gidan hayar hukuma, a Dagenham da ke bakin London, wanda tagar kicinsa ba ta rufuwa sai an doke ta. Ku biyun kuna firamare, ina yi muku Hausa kuna mayar mini da Turanci. Babanku yana aikin akawu a wani asibitin kuɗi a Marylebone, irin wanda manyan mutanenmu suke tasowa daga gida a duba su a ɓoye. Ya san ciwon mutane da yawa masu suna, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ambaci na mutum ɗaya ba, ko da wasa. Riƙe sirri shi ne abin alfaharinsa. Ni kuma nas ce, na koyar a makarantar aikin jinya a Kano kafin mu taho. A nan na samu koyarwa a wata jami'a a gabashin London, aikin wucin gadi da ake sabuntawa duk shekara idan an ga dama. Ofishina kusurwar teburin wani ne. Abincin rana ni kaɗai nake ci a bakin taga, domin hirarsu ta mashaya ce da inda za a je hutun bazara, ni kuwa ba ni da abin sakawa a ciki.

Yayarku tana da sikila tun haihuwa, wannan kun sani. Abin da ƙila kuka manta shi ne, a gidanmu ba a kiran sunan ciwon. Idan ya tashi, sanyin ƙashi ne. Idan aka kwantar da ita a asibiti, ta je karatu gidan ƙawarta. Dokar Babanku ce, kuma tun muna Kano ya kafa ta.

"Likita ya sani, Allah Ya sani, mu mun sani," in ji shi. "Wa ya rage da yake buƙatar sani?"

Kada ku ɗauka rashin tausayi ne. Mutumin nan shi yake goya ta ya hau bene da ita idan ƙafa ta ƙi, har ta zama budurwa, shi yake zama yana murza mata man zafi sai hannunsa ya sage. Tsoronsa shi ne halin mutanenmu. Da zarar sun ji sikila sai su fara yi wa yaro kallon wanda ake jira, su daina tambayarsa me yake so ya zama in ya girma. Daga nan a shafa wa gidan gaba ɗaya, a ce kada a je neman aure can. Kuma bai yi ƙarya ba, na ga an yi wa wasu haka da idona.

Ba mu kaɗai muke wannan ɓoyon ba. Duk bayan 'yan makonni nakan kai ta asibiti, mu sauka a Whitechapel, a yi mata canjin jini, wato a janye nata a sa mata na wasu. A ɗakin jira nakan haɗu da matan da na sani sarai, waɗanda muke cin tuwon suna tare. Akwai wata 'yar Katsina da ake kira Maman Faruk, ita na fi yawan tararwa. Sai mu gaisa, ya gida, ya yara, ya sanyi.

"Lafiya dai, Malama Rabi?"

"Lafiya lau, dubiya na zo. Ke fa?"

"Ni ma dubiya."

Ga ɗanta zaune a gefenta, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa, ga tawa a gefena da abin asibiti ɗaure a hannu. Sai kowa ta kawar da kai. Wallahi na sha kaɗaici a ƙasar nan, amma babu irin na zama kusa da wadda ta san abin da ke cin ki ciki da waje, kuna hirar tsadar doya. Shekaru muka yi a haka, kuma ba mu biyu ba ne kawai.

A wannan shekarar jami'a ta sa ni cikin shirin horar da ƙananan malamai. Rabinsa koyon koyarwa ne. Sai a zo a zauna a bayan ajinki ana rubuce-rubuce, daga baya a gaya miki kin cika magana, ba kya barin ɗalibai su yi tambaya. Ni da na daɗe ina koyarwa tun wasu daga cikin masu dubawar suna makarantar yara, aka ce in rage faɗa. Na rage kaɗan. Ɗaya rabin kuma, kowane malami sai ya ɗauki iliminsa ya fita da shi waje, ya kai wa mutanen unguwa, don kada jami'a ta zama gidan da ba ya gaisawa da maƙwabta. Aka haɗa ni da wadda za ta riƙa duba aikina, Farfesa Helen, wata siririyar dattijuwa mai shan shayi ba sukari. Na je mata da shawarar in yi wa mutanenmu bayani a kan hawan jini, abin da kowa zai zo ya ji hankalinsa kwance. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ita abin da take ji shi ne asibitoci suna kukan ƙarancin masu ba da jini daga cikin baƙar fata, alhali masu sikila sun fi dacewa da jinin waɗanda suka haɗa asali da su. Tunda ina jin harshen mutanen, me zai hana in yi a kan wannan? Ba ta san komai game da yayarku ba, ku riƙe wannan. Na ce mata to.

Na yi booking ɗin wani ɗakin taro kusa da tashar Dagenham. Jami'a ta buga takardun talla masu kyau, na karɓa na gode, amma na san ko mage ba za su kawo ba. Mutanenmu ba sa zuwa taron takarda, sai an taka an je musu. Na riƙa bin gidaje duk ƙarshen mako, na yi barkar haihuwar da na makara, na yi ta'aziyyar da ta wuce ni, na sha kunun da ba na so. Na soya waina, na yi miyar taushe. Ranar Asabar ɗin ɗaki ya cika, maza a gaba mata a baya, har da 'yan Gana na zango masu aikin gadi da shara da kula da tsofaffi. Na yi bayani da Hausa dalla-dalla, yadda ake gadon ciwon daga uwa da uba, yadda ƙarin jini yake tsare yaro, yadda ba da jini ba ya rage wa mai lafiya komai. Suka saurara suna gyaɗa kai. Da aka zo tambayoyi, wani dattijo da ake ji da shi, Alhaji Garba, ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Malama, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Amma gaskiya wannan ciwo ba mu cika ganinsa a gidajenmu ba, na 'yan kudu ne. Ni dai duk zamana a garin nan ban san Bahaushe ɗaya mai shi ba. Ko akwai?"

Ya juya ya dubi jama'a. Ni kuma na dubi bayan ɗakin. Maman Faruk tana gyara mayafi. Sauran da muke haɗuwa a ɗakin jira, wata tana neman abu a jaka, wata tana goge wa jariri baki. Ni ma ɗin, da makirufo a hannuna, na yi shiru, sannan na ce bismillah a zo a ci abinci. Babu mutum ɗaya da ya je teburin rajistar ba da jini. Baiwar Allah nas ɗin da aka turo mana ta yi ta murmushi har ta gaji. Waina kam an cinye ta tas. Na jera kujeru ni kaɗai, na ɗauko tukwanena na hau bas raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba, da Alhaji Garba ko da kaina.

Ba a daɗe ba ranar canjin jinin yayarku ta zo. Muka je, aka ce mu jira, muka yi ta jira har azahar ta wuce. Daga baya likita ya kira mu ya ce, saboda yawan ƙarin da aka yi mata, jikinta ya fara ƙin jini iri-iri, kuma wanda zai dace da ita ba a samu isasshe ba. Ana nema, mu koma gida za a kira mu. Ni nas ce, na san abin da ake gudu idan aka yi jinkiri ga mai irin ciwonta, shanyewar ɓarin jiki ne. Na yi masa godiya kamar ya ba ni kyauta. Muka ratsa kasuwar Whitechapel, muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da rana ce, taragon kusan babu kowa. Lokacin ta kusa gama sakandare. Sai da jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa sannan ta yi magana, idonta a kan taga.

"Mama, an ce a taronki wani ya ce babu mai sikila a cikinmu."

"Wa ya gaya miki?"

"Kowa ya ji. Kuma an ce ba ki ce komai ba."

Na ce ai ta san dokar Babanta.

"Na sani. Mama, sau nawa aka kwantar da ni a asibitin nan? Kowa a ɗakin jiran nan cewa yake dubiya ya zo, amma ni ba a taɓa zuwa duba ni ba, ko mutum ɗaya. Yarinyar gadon da ke kusa da nawa, 'yan cocinsu har layi suke yi. Na gaji da cewa na je karatu gidan ƙawa. Ki faɗa musu. In sun san mutum ne da suke gani, ƙila su bayar."

"Babanki fa?"

A nan hawaye suka zo mata.

"Shi ne ba zan iya ba. In ya ji ni na ce a faɗa, zai ga kamar duk abin da ya yi mini ban gode ba. Please, Mama. Ki faɗa, amma ki yi mini alkawari ba za ki taɓa gaya masa daga ni abin ya fito ba."

Kun san ita ce 'yar fari, kun kuma san yadda aka raine ni. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa rungumar ta a gaban mutane ba, ko a rubutun nan kun ga yayarku nake ta cewa. Ita kuma tunda aka haife ta ba ta taɓa roƙona komai ba, ko takalmin salla. Na ɗora hannuna a kan nata na ce na yi alkawari. Muka sauka, muka tsaya a shago muka sayi burodi.

Ban ɓoye wa Babanku niyyata ba. Ranar Lahadi bayan mun ci abincin rana na tare shi, na maimaita masa abin da likita ya ce, na ce ina so in ambaci yarinyar a taro na biyu. Ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Rabi, ki yi lakcarki. Ki kawo hotuna, ki kawo likitoci, ki kawo duk wanda kike so. Amma 'yata ba kayan koyarwa ba ce."

"Jini ake nema mata."

"Asibiti zai nemo, aikinsu ne. Ban yarda ba, kuma kada mu sake wannan maganar."

Amsar da za ta sauya zancen tana kan harshena, guda ɗaya tak, kuma ita ce na yi alkawarin ba zan faɗa ba. Na kwashe kwanuka. Ku sani ban ɗauki saɓa masa da wasa ba. Tunda muka yi aure bai taɓa cewa kada in yi abu na yi ba. Na yi istihara, na yi ta juya abin a raina a bas, a aji, a gaban murhu, babu kuma wanda zan yi shawara da shi. Uwata ta rasu, 'yan'uwana suna Kano kuma su ma sanyin ƙashi suka sani. Kullum na dawo daga aiki sai in duba fuskar yayarku in ga ko bakinta ya karkace, asibiti kuma shiru ba su kira ba.

Taro na biyu bai cika kamar na farko ba, amma an zo. Farfesa Helen ma ta zo, domin ƙa'idar shirin ce ta ga aikina da idonta. Ta zauna a can baya da ɗan littafinta, ba ta jin ko zo in kashe ki da Hausa. Na yi bayanin da na yi a baya, Alhaji Garba yana zaune a layin gaba. Da na zo ƙarshe na ajiye takardar hannuna. Na dafa tebur.

"Alhaji, wancan karon ka yi tambaya ban amsa ba. Akwai. 'Yata ta fari tana da sikila. Kun san ta, ita take koya wa jikokinka lissafi. Kwanan nan aka dawo da mu daga asibiti saboda ba a samu jinin da ya dace da ita ba, har yanzu muna jira. Ni da ubanta kuwa Hausawa ne gaba da baya."

Wata tsohuwa ta yi salati ƙasa-ƙasa, ban sani ba ko ciwon ne ya girgiza ta, ko jin uwa ta ambaci 'yar fari a gaban maza. Na tsaya ina jira. Zan gaya muku gaskiya, na sa rai. Na ɗauka in na fara, Maman Faruk za ta miƙe, sauran su biyo baya. Sai ta ɗauki jakarta ta fice ta ƙofar baya, wasu suka bi ta. Wadda ta miƙe wata ce da ko sunanta ban sani ba a lokacin, Hajiya Memuna, 'yar zangon Kumasi, ƙatuwar mace mai aikin kula da tsofaffi. Ta yi magana da Hausarsu ta zango.

"Malama, yarinyan nan, shi ne ke gaishe ni cikin bas? To ina ne ake rubuta suna? Jini dai muna da shi."

Ta nufi tebur, 'yan'uwanta na Gana suka bi ta, sai wasu samari ɗalibai. Alhaji Garba kansa ya je, aka ce shekarunsa sun wuce, ya janyo ɗansa ya tsayar a layi. Da aka watse Farfesa Helen ta tambaye ni me na ce da ya tashe su haka. Na ce misali na ba su.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Babanku a falo da waya a hannu, ku biyun an kora ku ɗaki. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mini sauƙi.

"An ce shugabarki tana wajen."

"Tana nan."

"Me suka yi miki alkawari?"

Na ce babu komai. Yayarku tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ta yi zuru-zuru. Ya miƙa mata hannu ya ce ta zo, ya zaunar da ita kusa da shi yana ba ta haƙuri a kan abin da uwarta ta yi mata. Ta kalle ni ta saman kafaɗarsa, bakinta yana motsi. Na girgiza mata kai kaɗan, na shige ciki na cire mayafi.

Bai sake ni ba, bai zage ni ba, bai rage ni da komai ba. Hira ya ɗauke. Da, in ya dawo daga Marylebone yakan tsaya a kicin yana ɗanɗana miya yana tsokanata, wai Kanawa ba mu san gishiri ba. Daga ranar sai sallama, sai sannu da gida, sai ina abinci. Kwano ɗaya muke ci tun muna amarya da ango, ya ce a riƙa zuba masa nasa daban. A waje kuma mata suka ja jiki. Ba ƙina suke yi ba, tsorona suke ji, wai wadda ta tona na 'yarta na wa za ta bari. In na shiga gidan suna sai hira ta koma farashin atamfa. Maman Faruk ta canza ranar zuwanta asibiti, ɗakin jiran ma sai ya zama babu wanda zan yi wa ƙaryar. Sallar da ta biyo baya na yi girki kamar yadda na saba, na jera kwanuka, na zauna da kwalliyata har la'asar. Hajiya Memuna ce kaɗai ta buga ƙofa.

Ana cikin haka shirin ya ƙare, jami'a ta ba ni aikin dindindin, aka kuma ɗora mini kula da fita unguwanni na sashenmu. Kai, lokacin bai yi mini adalci ba. Duk mai shakka ya samu hujja. A rahoton da na rubuta musu babu kalma ɗaya a kan yayarku, kuma Farfesa Helen ta yi ritaya ba ta san ina da 'ya mai sikila ba. Na so in ƙi karɓa don in wanke kaina, sai na ga wauta ce, mai zargi ba zai daina ba, ga shi kuma aikin ana buƙatarsa. Aka ba ni ofis nawa na kaina da sunana a ƙofa. Ranar farko na rufe ƙofar na zauna, na rasa wanda zan buga wa waya. Da yamma na kai wa Babanku labari, ya ce Allah Ya sanya alheri, ya ci gaba da kallon labarai.

An samu jinin yayarku bayan ɗan lokaci, Allah Ya tsare ta. Ba zan yi muku ƙarya in ce na mutanen taron ne ba, jini ba a rubuta masa sunan wanda zai je wa. Abin da na sani shi ne taron ya ɗore, duk shekara ina yin sa da ɗalibaina har na ajiye aiki, kuma yau matasa suna miƙewa da kansu su ce suna da ciwon, ba wanda ya suma. Na kuma san cewa kwanciyarta ta gaba a asibiti 'yan ajinsu sun zo, matan zango sun cika ɗakin da koko da surutu har nas ta kore su. Ta yi ta dariya tana riƙe haƙarƙari. Babanku ya tsaya a baranda sai da suka tafi.

Shekaru suka ja. Ta yi karatu, ta yi aure, ta haihu. Ku kuma kuka girma a gidan da uwa da uba suke gaisawa kamar maƙwabta, kuka ɗauki bayaninsa domin shi kaɗai aka ba ku. Ban ga laifinku ba. Amma ya yi mini ciwo, Sadiya, lokacin da kika yi ɓari kika gaya wa kowa ban da ni, sai a bakin surukarki na ji. Na gane dalili, na kuma haɗiye.

Sau da yawa yayarku takan yi niyyar gaya masa, ta je har bakin ƙofarsa ta dawo. Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani, ta same ni a barandar asibiti.

"Mama, yau zan faɗa masa. Ba zan bari ya tafi yana yi miki wannan kallon ba."

Wallahi zuciyata ta so. Na daɗe ina jiran in ji wannan maganar. Amma na leƙa ta gilashin ƙofa na gan shi, ya zama ƙashi da fata, kuma babban abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne ya tsare 'yarsa, ita kuma ba ta taɓa saɓa masa ba. Na ce mata ta bar shi, yanzu ba lokacin ƙwace masa wannan ba ne. Ta yi kuka ta ce ban yi wa kaina adalci ba. Na ce na ji, ta je ta wanke fuska kafin ta shiga wajensa.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, da hantsi, ina ba shi ruwa da cokali, sai ya riƙe mini hannu. Na manta rabon da ya yi haka.

"Rabi, abin nan na Dagenham. Na yafe miki."

Na ajiye cokalin.

"Na san kina son aikin nan ƙwarai. Ɗan Adam ne, kowa da rauninsa. Na yafe, duniya da lahira."

Na ce na gode, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Na gyara masa matashi, barci ya ɗauke shi.

Bayan na fita takaba, yayarku ce da kanta ta ce in rubuta wannan babin, in sa komai, ta sake ni daga alkawarin, duk mai tambaya a cikinku kuma ya same ta. To ga shi na sa. Ku yanzu kun ji, kuma ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina. Amma shi nake so ya ji.